Ɗan Majalisar da Ya Roƙi a Zana Shi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga zane a shagon Madam Honorine da ke bayan kasuwar kifi a Paris. Ita ke zane a kan dutse da alli mai maiƙo, ni kuma in shafa tawada in danna takarda. Duk mai mulkin da ta yi wa zanen ba'a, kafin mako ya ƙare 'yan dako ma sun san girman tumbinsa.

Wata Talata wani ɗan majalisa, Eusèbe Carbonnel, ya shigo yana share gumi.

"Madam, wane laifi na yi miki? Kin zana kowa a majalisa ban da ni. Har matata ta fara tambaya ko da gaske can nake zuwa."

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Yallaɓai, me ka taɓa yi? Ba na zana kujera."

Ya fita fuska a murtuke. Bayan mako biyu ya miƙe a majalisa, ya shafe awa uku yana neman a kafa dokar cewa ba za a buga zane ba sai jami'an gwamnati sun duba.

Madam ta ce mini, "Anselme, wanke dutse. Mutumin ya yi aiki."

Ta zana shi talo-talo sanye da doguwar hula, riƙe da almakashi, yana datse jelarsa da kansa. Na buga ɗari shida. Jama'a suka cika ƙofar shago har keken doki ya kasa wucewa.

Kashegari 'yan sanda suka zo ɗaukar dutsen. Ƙarti huɗu suka kama shi suna nishi, Madam tana cewa, "A hankali, 'ya'yana, ɗan majalisa ne kuka ɗauko."

Alƙali ya yanke mata wata ɗaya a kurkuku. Ta tafi da takardu da gawayi a aljihu, ta fito da fuskokin masu gadi goma sha biyu, kowanne ya roƙi a ba shi nasa.

Dokar ta wuce. Muka koma zana dabbobi zalla, ba suna ko ɗaya a ƙasa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu wane ne jakin.