Ƙugun Malama Emilia

Allurai dogaye shida. Siraran wayoyi biyu. Kyamara mai kaurin biro. Takalmin da ake jan ƙafa da shi. Abin da Dakta Khairat ta ɗauko ke nan a bayan mota. Ta wuce Jere, ta nufi Kafanchan, garin da ta bari shekara goma sha ɗaya.

Mara lafiyar Malama Emilia ce, mai koyarwa a firamare. Guringuntsin ƙugunta ya yage, tsayuwa gaban allo ta gagare ta. Za a ɗinke shi ta ƙananan huji biyu. Amma sai an ja ƙafar, gaɓar ta buɗe kamar faɗin yatsa, kafin kyamara ta shiga. In ba ta buɗe ba, ƙarfe zai karce ƙashi. In aka ja da yawa, jijiya ta mutu, ƙafar ta zama kaya.

Baba Rufus ne ke juya hannun injin jan ƙafar. Shekara talatin yana ɗaurin karaya a asibitin garin, bai taɓa ganin irin wannan aiki ba.

A ɗakin tiyata, Khairat ta dubi hoton na'ura. Gaɓar ta ɗan motsa, ta cije.

"Ƙara, Baba."

Ya ƙara juyi ɗaya, ya dafa cinyar.

"Ƙara."

"Likita, ba zan ƙara ba. Taɓa ki ji. Nama ya kai ƙarshe."

"Ni ke aikin ko kai?"

"Ke ce. Amma in ƙafa ya maƙale a taɓon fadama, ba a fizgewa. Ana zura sanda a gefe, iska ya shiga."

Ta san wannan. An koya mata a ƙasar da ta yi karatu, da Jamusanci ma. Gaggawa ce ta rufe mata ido.

Ta ɗauki allura, ta kauce wa kan ƙashin, ta huda jakar da ta lulluɓe gaɓar kaɗai. Aka ji ɗan tsaki na iska. A hoton, baƙin layin da ke tsakanin ƙasusuwan ya faɗaɗa da kansa. Ta zare allurar, ta sake saka ta inda ya dace. Siririyar waya ta bi ta cikin allurar, kyamara ta shige ba ta taɓa komai ba.

Da yamma Emilia ta motsa yatsun ƙafarta duka biyar.

Khairat ta tara ma'aikatan tiyata a ofis, ta rufe ƙofa.

"Daga yau, in Baba Rufus ya ce a tsaya, an tsaya. Har da ni."