Ashafa Tsakanin Fotran da Kobol

Shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, kamfanin auduga da Ashafa yake wa akawu a Zariya ya sayo kwamfuta, wata ƙatuwar na'ura mai cika ɗaki guda. Manaja ya ce za a tura shi Ikko kwas, ya koyi yaren da ake ba ta umarni da shi. Yare biyu ne, Fotran da Kobol, sai ya zaɓi ɗaya.

Ashafa ya kasa zaɓa. Ranar Asabar ya hau mota ya tafi gida Gazara neman shawara, ya tarar da kawunsa Jumare a zaure. Jumare dillalin shanu ne a kasuwar Makarfi, yana jin Fulatanci da ɗan Yarbanci, saboda haka yana ganin babu yaren da zai gagare shi.

Bayan doguwar gaisuwa, Jumare ya ce, "Su Fotran ɗin nan, ina ƙasarsu?"

"Ba mutane ba ne, Kawu. Na'ura ce kawai take jin sa."

"To, yaya ake cewa ina kwana da shi?"

"Babu gaisuwa a ciki."

Jumare ya yi tsaki. "Ashe yaren marasa tarbiyya ne. Ɗayan fa?"

"Shi ma babu. Fotran na lissafi ne, Kobol na harkar ofis."

Kakarsa Hassana, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu. "Me na ji? Fatara za ka tafi har Ikko ka koyo? Wadda muke da ita ba ta ishe mu ba?"

"Fotran, Kaka."

"Na ji. Ban yarda ba."

Shi ke nan, shawara ta tsaya a kan Kobol. Ashafa ya ji sanyi a ransa, don dama lissafi yana ba shi tsoro.

Da ya isa Ikko, aka ce malamin Kobol ya kamu da zazzaɓi ya koma ƙasarsu. Aka kwashe ɗalibai duka aka zuba a ajin Fotran. Ashafa ya sha wuya. Ya yi ta huda katunan da ake zura wa na'urar umarni da su kamar hannunsa zai cire, na'urar ta yi ta mayar masa da su saboda waƙafi ɗaya. Ranar da ta fara karɓa, sai da ya yi rawa a gaban malami.

Ya dawo Zariya aka ƙara masa girma. Jumare kuwa ya bi kasuwa yana shelar ɗan ƙanwarsa ya zama tafintan ƙarfe. Daga nan duk hutun da Ashafa ya zo, sai ya tarar da matattun rediyo a zaure, har da keken ɗinki daga Kudan, wai ya tambaye su abin da ke damunsu. Da ya gaji da bayani, sai ya sayi sukundireba ya koyi gyaran rediyo.