Mihirabi a Cikin Coci

"Kada ka taɓa bangon nan da diga!" in ji Barau magini, yana haki.

Haladu, ɗan maƙwabcinsa Manu, ya sauke digar. "Baba Barau, bakan gizon da ke riƙe da rufin ya tsage. Fasto ya hana kowa shiga. Na bulo da kwano za mu yi."

"Ubanka fa?"

Haladu ya sunkuyar da kai. Kwanan Manu tara a kwance, kuma abu ɗaya yake roƙo: in ya cika, a yi masa addu'a a cikin cocin nan, ba a gindin tsamiyar da suka koma taruwa ba.

Barau ne ya gina cocin shekarar da aka sami 'yancin kai, saboda gidaje shida na Kirista a ƙauyensu, kusa da Zandam. Tubali ne da azara, da indararo huɗu, shekara goma sha biyar ko ɗigo bai taɓa yi ba. Sai dai hannun Barau ya saba da masallatai. Sai da aka gama aka lura ya fitar da mihirabi a bangon gabas, inda liman ke tsayawa. Kunya kamar ya nutse, ya ce zai toshe. Manu ya yi dariya har da hawaye.

"Bar shi, liman. Nan zan riƙa ajiye fitila."

Tun daga ranar yake ce masa liman. Barau kuma ya rama da ladan, tunda Manu ne ke kaɗa ƙarfen kiran jama'a ran Lahadi.

"Ba ni kwana uku," Barau ya ce wa Haladu.

Ya tokare rufin da azara, ya kwaɓa ƙasa, ya hau tsani da gwiwoyin da ko ruku'u suke yi da ƙyar. Da la'asar ya leƙa ɗakin Manu.

"Ladan, ka jira ni."

"Kai dai nawarka ta yi yawa, liman," in ji Manu, muryar can ƙasa.

Bai jira ba. Da hantsin rana ta uku ya cika, yaɓen bai gama bushewa ba. Barau ya ji mutuwar nan har cikin ƙashinsa.

Aka kawo makara ƙofar coci, Fasto ya ɗaga kai ya dubi ɗanyen yaɓe, ya tsaya. Barau ya tuɓe takalmansa kamar yadda ya saba, ya shiga, ya tsaya daidai ƙarƙashin bakan gizon.

"Ni na yi shi, na san abin da na yi. In zai faɗi, ni zai fara samu. Ku shigo da shi."

Suka shigo. Aka yi ta waƙoƙin da bai san ko ɗaya ba, bai gusa ba, ƙasa na bushewa a hannunsa. Idonsa na kan mihirabin, inda fitilar Manu take zaune, baƙin hayaƙinta ya hau bango.