Ƙullin Maganin Tsafe

Duk ƙauyen Karakkai an san Inna Yelwa ba ta faɗin sunan Sabiru. Ɗan fari ne, ita kuwa irin matan nan ce na da, waɗanda ko ɗan farinsu ne ya faɗa rijiya sai dai su ce wa maƙwabta wani yaro ya faɗa. "Wancan" take ce masa, in ya faranta mata ƙwarai ta ce "mai gudun nan". Shekararsa ashirin da takwas a duniya, ba su taɓa zama a tabarma ɗaya sun yi hira ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka, ba ta da abin so a bayan ƙasa kamarsa.

Gudu ne sana'ar Sabiru. Tun yana firamare a Bungudu malamai suka ga ƙafarsa, daga baya soja suka ɗauke shi, daga nan sai Legas, daga Legas sai Turai. A daminar 1998 ya samu shiga jerin gasar nan ta manyan 'yan tsere na duniya, wadda ake yi zango-zango, yau a wannan birni, wani mako a wancan, har zuwa kaka. Shi zagaye ɗaya na fili yake yi, mita ɗari huɗu. A zango uku na farko ya zo na biyar, ya zo na huɗu, sannan ya zo na uku. Da bakinsa ya ce bai taɓa jin ƙafarsa kamar bana ba, kuma ga mai shekarunsa, in bana ta wuce to an gama.

Da aka yi hutu a tsakiyar gasar, ya zo gida kwana goma. Yelwa ta dube shi ta gefen ido sau ɗaya ta yanke hukunci: Turawa sun tsotse mata ɗa. Kumatu sun shige, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, aka miƙa masa man shanu ya ce a'a, aka ba shi nama ya zauna yana cire kitse kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wannan ne zai tsere wa ƙattin duniya? Ita ba za ta iya zaunar da shi ta ce ya sha magani ba, kunya ba za ta bari ba. Saboda haka ta yi abin da uwaye suka saba. Akwai wani mai magani a kasuwar Tsafe, Jatau, wanda ake ta zancen garinsa na ƙarfin jiki. Ta ba da sautu aka kawo mata ƙulli guda, kullum da safe ta ɗebi kan cokali ta kaɗa a kunun tsamiya, ta ba ƙanwarsa Saude ta kai masa. Ba ta gaya wa ko Sauden ba. Kwana shida ana haka, tana ganin yadda yake dawowa daga gudun safe a hanyar Furfuri ko haki ba ya yi, tana yi wa Jatau addu'a a zuci.

Ran na bakwai da hantsi tana bakace a bayan zana, abokan Sabiru suna zaure suna yi masa tsiya don kansa na ciwo ya ƙi shan ko ƙwaya ɗaya. Sai ta ji yana ba su labari. Ya ce a can, da ka gama gudu wani mutum zai manne maka, ya bi ka har ban ɗaki, ka yi fitsari a kwalba yana kallonka. A rufe kwalbar a kai wa na'ura, ita kuwa na'urar har abin da ka haɗiya watan jiya sai ta faɗa. In aka samu abin da aka hana, a kore ka shekara biyu, a kira sunanka a rediyon duniya a ce mayaudari ne. Wani ya tambaye shi, to in mutum bai san ya sha ba fa?

"Ba su jin wagga magana," in ji Sabiru. "Jikinka na, kai ka tsaron shi. Ni dai abin da ni ka ci ban tambaya ba, abincin gidanmu na."

Faifan ya suɓuce daga hannun Yelwa, gero ya watse, kaji suka yo ca. Ko korarsu ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta ciro ragowar ƙullin daga ƙarƙashin tasa, ta kwance, ta sunsuna, ta ɗanɗana. Gari ne ja-ja mai ɗaci, sai dai can a ƙarshen harshe akwai wani ɗaci na daban, irin na asibiti. Ta ce wa kanta saiwa ce kawai, me na'urar Bature ta sani game da saiwa? Amma hankalinta bai kwanta ba. Jibi Sabiru zai tafi.

Washegari, da yake ranar kasuwar Tsafe ce, ta ce wa Saude za ta dubiya Gusau. Ta hau a-kori-kura zuwa Bungudu, ta shiga wata motar zuwa Gusau, ta sake wata zuwa Tsafe, duk hanya hannunta na kan ƙullin da ta ɗaure a bakin zane. Ta samu Jatau a rumfarsa, wani gajere mai fara'a, kewaye da kwalabe da ɓawon itatuwa. Da ta tambaye shi abin da ke cikin garin, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa itace ne zalla, gadon kakansa. Yelwa dai ba yau aka haife ta ba. Ta saki fuska ta ce ai daɗinsa ta ji, ƙari ta zo nema, amma a haɗa mata sabo yanzu, wanda ya fi na farko ƙarfi.

Jatau ya washe baki, ya zagaya bayan buhun da ya rataya a matsayin labule. Tana zaune ta fara jin wani ƙas-ƙas-ƙas, ƙarar da duk wanda ya taɓa jinya ya sani. Ta ɗaga gefen buhun. Ga shi a tsugune gaban ƙaramin turmi, yana ɓalle farare-fararen ƙwayoyi daga katinsu yana jefawa cikin garin saiwa. Da ya ga ta gani, ko a jikinsa.

"Hajiya, mutanen yanzu gaggawa ag gare su," ya ce. "Itace shi kaɗai sai ya yi wata bai nuna ba. Wanga ɗan taimako na."

Ko zaginsa ba ta tsaya yi ba. Ta sunkuya kamar mai gyaran takalmi, ta tsinci katin guda da ya yar, ta cusa a zane, ta fice ba ta waiwaya ba. Yana ta kiranta ta karɓi haɗinta.

A Tudun Wada cikin Gusau ɗan ƙaninta Mu'azu yana da kemis. Can ta nufa. Mu'azu ya karɓi katin yana dariya yana tsokanarta ko ta fara sayar da magani ne, sai ya karanta rubutun jiki, dariyar ta ɗauke. Ya sallami mai sayen da ke tsaye, ya turo ƙofa.

"Gwaggo, wa ya sha wanga?"

Ta ce wancan. Bai buƙaci ƙarin bayani ba, duk dangi sun san ko wane ne wancan. Ya zauna a kan kwali ya riƙe kai. Ya ce irin ƙwayar nan ce da masu son tara ƙwanji suke sha, har masu kiwon raguna suna ba dabba don ta yi nama da wuri, kuma in akwai abu ɗaya da aka hana 'yan gudu a duniya to ita ce. Ta tambaye shi kwana nawa take yi kafin ta bar jiki. Ya ce wallahi bai sani ba, wasu makonni, wasu watanni. Ta tambaya ko akwai abin da zai wanke ta, ko tsamiya, ko jar kanwa. Ya girgiza kai.

Sannan ya rage murya ya kawo shawara irin ta mai tausayi. Ya ce a yadda yake ji ba kowa ake aunawa ba, waɗanda suka zo gaba ake kamawa, sai kuma wanda ƙuri'a ta faɗa wa. In Sabiru ya zo na biyar ko na shida, mai yiwuwa ba wanda zai dube shi. Ya ce ta ja bakinta kawai, Allah ya rufa asiri. In kuwa ta faɗa, ya ce, Sabirun da ya sani ba zai yi gudun ba, kuma shekarar da ya yi wa tanadi tun yana yaro ta tafi ke nan.

A motar komawa Bungudu hadari ya haɗo, aka rufe tagogi, zafi ya cika motar. Yelwa na takure a kujerar baya tana jan carbi. Shekara da shekaru addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa ya wuce kowa. Yau sai ta tsinci leɓenta yana cewa Allah ya sa su wuce shi, Allah ya nauyaya masa ƙafa. Ta ji abin da take faɗa, ta toshe bakinta da mayafi har matar da ke kusa ta tambaye ta ko amai take ji. Bakin uwa ba abin wasa ba ne, ta sani. In ta roƙa masa nauyin ƙafa aka amsa, wa ya ce a filin gudu kaɗai zai tsaya? In kuma ba ta roƙa ba, yaron yana kan ganiyarsa, ga abin Jatau a jikinsa, zai iya zuwa na ɗaya. Ta hango shi ya ɗaga hannu ana tafi, ta hango mutumin nan mai kwalba yana tahowa a bayansa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da mijinta ya rasu.

Ta iso gida bayan la'asar, ruwa ya ɗauke. Sabiru na tsakar gida a kan turmi, jakarsa a buɗe, yana goge takalman gudunsa masu ƙusoshi da tsumma yana 'yar waƙa. Ta wuce shi ta shiga ɗaki. Ta fito, ta koma. Ta kira Saude da niyyar ta aika ta da maganar, da yarinyar ta zo sai ta ce ta je maƙwabta ta aro rariya. Wannan ba saƙon da ake ba wani ba ne.

Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gabansa, ta zauna. Sabiru ya daina waƙar. Tun da yake bai taɓa ganin haka ba, har ya sauko daga turmin ya durƙusa.

"Inna, lahiya? Wa ya rasu?"

Ta kwance bakin zane, ta ajiye katin da ragowar ƙullin a tsakaninsu. Ya ɗauki katin ya karanta. Ta ga yatsunsa sun tsaya cak.

"Cikin kununka," ta ce, idonta a ƙasa. "Ni na sa. Kwana shidda. Na ga ka rame."

Ta jira ya yi faɗa. Da ya yi, da ta ji sauƙi. Ya daɗe yana kallon katin, numfashinsa na fita da ƙarfi kamar ya gama tsere. Daga ƙarshe ya tambaye ta wa ya sani, ta ce Mu'azu kaɗai. Ya ce to. Ya tura katin a aljihu, ya zuba garin a kwata ya bi shi da ruwan buta, ya ɗauki takalman ya shiga ɗakinsa. Ta zauna a tabarmar ita kaɗai har aka kira magariba, ba ta ji motsinsa ba.

Da safe ya tafi Gusau ba jaka, ya ce zai buga waya Turai wurin mai kula da harkarsa. Yelwa ta wuni tana leƙen hanya, ba ta san me zai faɗa musu ba, ba ta ma san ko zai dawo ya kwana a gidan ba. Wajen azahar ta ji hayaniya a ƙofar gida, ta leƙa ta ramin zana. Sabiru ne ya sauko daga bayan babur, cinyarsa ta dama naɗe da bandeji, yana ɗingishi. Mutane suka taru ana ta sannu. Ya ce musu jijiya ce ta tsinke masa wurin motsa jiki, ya gaya wa Turawa su cire sunansa daga sauran zangon bana. Wani dattijo ya ce kai, ana dab da cin abin, Sabiru ya ce haka Allah ya so.

Ya shigo gida yana jan ƙafar. Ta miƙe a firgice, don ta ɗauka addu'arta ta cikin mota ce ta kama shi. Da ya zo daidai ita ya tsaya, bai dube ta ba, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ƙahwata lahiya lau take, Inna. In mata sun zo jaje, ki amsa."

Suka kuwa zo, har daga Furfuri. Kwana uku tana zaune a ƙofar ɗaki ana ce mata Allah ya kiyaye gaba, ana yaba mata haƙuri, tana cewa amin. Sau biyar a rana Sabiru yakan ratsa ta gabansu zai tafi masallaci, mutumin da duk ƙasar nan ba mai kamo shi, yana dafa bango yana jan ƙafar da ba abin da ya same ta, yara suna ba shi hanya.