Waƙar Uwar Hadko

Kwana uku kafin bikin makiyayan barewar ƙanƙara, na bi ta gaban zauren taron gari sai na ji 'yan mata suna gwaji. Na tsaya cak cikin dusar ƙanƙara. Waƙar Yabtane ce, uwar Hadko, wadda muka zauna aji ɗaya da ita a makarantar kwana kafin ta gudu ta koma wajen garken ubanta.

A wurinmu, mu ƙabilar Nenets ta can arewa mai ƙanƙara, mutum shi yake haɗa waƙar kansa, ya zuba rayuwarsa a ciki. Rera ta a gaban mai ita cin mutunci ne, kamar ka tuɓe shi a kasuwa. Wani mai bincike ne ya naɗi ta Yabtane a na'ura shekarun baya, ya rantse a ɗakin ajiya za ta zauna.

Na shiga na sami Tamara Yaptik, shugabar zauren. Ni na koya mata karatu.

"Tamara, waƙar wa ke nan?"

"Ta al'umma ce, Malama. Gadonmu."

"Gadon wa? Matar da ranta. Ke da bakinki kika gayyace ta, har kujerar gaba."

"Ai karrama ta za mu yi. Baƙi za su zo daga Finland da Hungary, danginmu na harshe. Shekara dubu shida da rabuwa, Malama!"

Na koyar da wannan zancen shekara talatin, da zanen bishiyar harsuna a kan allo. Ban ce ƙarya ba ne. Sai dai ban taɓa ganin dangin sun zo mana ta'aziyya ba.

"Kin san abin da take cewa a ciki?"

"Dusar ƙanƙara, barewa, kogi, irin waɗannan dai."

"Kogin da ya ci ɗanta ne, sakarya."

Ta ce an riga an buga takardar shiri, an ɗinka kaya. "Kuma ku tsofaffi ku ne kullum kuke kukan harshe zai mutu. Mun ɗauko shi, kun ce mu ajiye."

Na nemi Yabtane, waya ba ta shiga inda suka kafa tanti. Da safiyar bikin suka iso, kafin in ratsa taro an zaunar da ita tsakanin baƙi biyu.

'Yan mata takwas suka fito da riguna masu ƙyalli irin waɗanda ba su taɓa jin warin hayaƙi ba. Aka saki kiɗan na'ura. Bakinsu yana faɗin kalmomin daidai, sun haddace su tsaf ba tare da sanin ma'ana ba. Da suka zo inda Hadko ya nutse uwarsa tana tsaye a gaɓa riƙe da igiya, sai suka kama ƙugu suka juya, suna murmushi. Inda ta ambaci mijinta da kwalbarsa, nan aka sa tafi. Wani baƙo mai gemu ya lumshe ido yana kaɗa kai, na'urarsa a ɗage. 

Makiyayan da ke baya duk suka sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yabtane ba ta motsa ba. Aka kira ta dandali, aka miƙa mata butar shayi ta lantarki, ita da take kwana a tantin fata. Ta karɓa, ta sauko.

A waje na same ta tana ɗaura wa barewar da ke ja mata keken ƙanƙara linzami.

"Uwar Hadko, na yi ƙoƙarin hanawa."

"Ke ɗin? Da bakin naki na malamai?" Ta ja igiya ta ƙulle. "Shekara arba'in ina yi wa kaina ita in hanya ta yi nisa. Ɗazu na gwada a maƙogwaro, sai na ji kiɗan nan nasu a ƙarƙashi. Su riƙe."

"Ki yi wata."

"Da wane ɗan?"

Ta ajiye butar a kan ƙanƙara, ta kaɗa barewa, ta tafi.

Ina tsaye Tamara ta fito da gudu, fuska sai sheƙi.

"Malama, baƙin har hawaye suka yi! Don Allah ki tambayar mana ita, tana da wata ta baɗi?"