Zobe na Uku

Shekara arba'in tsohon ya yi yana gyaran rediyo, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Rediyo yake ce masa. Da ƙarfi ya ja baya sai ya dawo gidan 'yarsa, ya mayar da ɗan ɗakin baya wurin koya wa yaran unguwa haɗa waya da batir. Da farko su tara ne, sai hayaniya kamar kasuwa. Wayar hannu ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya rage saura jikarsa, 'yar shekara goma, wadda yake kira Tartsatsi saboda ba ta iya zama wuri ɗaya.

Wata uku suna haɗa wata 'yar kwamfuta a kan allo mai faɗin tafin hannu. Ba abin da za ta iya sai tara lamba biyu, ta nuna amsa da ƙananan fitilu huɗu. Amma a wurin tsohon ita ce dalilin tashinsa da safe.

Akwai abin da yake ɓoyewa. Idonsa ya yi hazo, launuka sun gauraye masa. 'Yarsa kuwa, tun ranar da ya ƙona labule, ta ce duk ran da ta tabbatar ba ya gani za ta ɗauke ƙarfen narka dalma, kuma ita ba ta magana biyu. Sai ya ɓullo da dabara. Kowane rizisto, ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta, yana da zobban launi da ke nuna girmansa. Sai ya riƙa sa yarinyar ta karanta da ƙarfi, shi kuma ya ɗaga abin wajen taga, ya ɓata fuska kamar mai duba jarrabawa, ya ce daidai.

Ran Asabar da hantsi suka zo kan fitilar ƙarshe.

"Tartsatsi, nemo mini ruwan ƙasa, baƙi, ja."

Ta daɗe tana tono a gwangwani kafin ta sa masa ɗaya a hannu. "Ruwan ƙasa, baƙi, ja," ta ce, da 'yar dariya a muryarta. Ya ɗaga wajen taga. Abin da ya gani bai wuce inuwar ƙwayar shinkafa ba.

"Daidai."

Dariyar ta ɗauke. "Kaka, ka tabbata?"

"Ke! Ina wannan aiki tun uwarki ba ta san hannun damanta ba. Liƙa mu gani."

Ta liƙa. Ya danna makunni. Wani haske ya wulga, sannan wari ya tashi, warin da hancinsa ya sani tun yana saurayi. Fitilar ta ƙone. Rizisto ɗin ya yi ƙanƙanta, zobe na uku ba ja ba ne. Kuma yarinyar nan ba ta taɓa kuskuren launi ba. Wasa ta yi masa, irin wanda ya saba yi mata a da, ya ba ta na bogi don ta kama shi. Jira take ya ja mata kunne, shi kuwa ya ce daidai.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ji yarinyar tana jan hanci a hankali.

'Yarsa ta turo ƙofa. "Me ke ƙauri haka? Baba, me ya ƙone kuma?"

"Ni ce, Mama," yarinyar ta yi wuf ta ce. "Kaka ya ce ba shi ba ne, ni na yi taurin kai na liƙa."

Maganar ta fi ƙonewar fitilar yi masa ciwo. Darasin farko da ya koya wa yaran nan shi ne ba a yi wa wuta ƙarya, abin da ka sa mata shi za ta nuna maka. Ga shi wata uku yana koya wa jikarsa wani darasin daban, kuma ta haddace shi tsaf.

Ya lalubi bango ya zare fulogin ƙarfen narka dalma. Ya naɗe wayar a jikin mariƙin ƙarfen, zagaye shida, yadda ya saba.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Baƙi ne ko ja, ban sani ba. Na fi wata biyar ban sani ba. Ungo."

Ya miƙa hannu wajen ƙofa, ya tsaya yana jira a karɓa. 'Yarsa ta riga ta matso gefen taga, tana kallonsa yana miƙa wa ƙyaure.