A Kawo Namiji

Keken ɗinki ne a tsakiyar ofishin 'yan sanda, yana ta ƙara kamar nan ne shagonsa. Mai ɗinki ce ta sa aka ɗauko shi. Mijinta, mai facin taya, yana kulle a ciki saboda ya kasa kaya a bakin titi. Mutum mai ciwon suga, ga maganinsa a jakarta. Ta zo beli, Saje ya ce mace ba ta beli, a kawo namiji.

Namiji! Matar da ita ke ciyar da gidan, ita ta sai masa famfon iskar ma. Abin haushi ba ya ƙarewa.

Ƙanwarta lauya ta zo da kundin tsarin mulki, ta karanta masa inda aka ce kowa daidai yake.

"Nuna mini inda aka hana mace," in ji ta.

"Haka muka tarar," in ji Saje, yana sakace.

To, ai shi ke nan. Washegari matan layin suka cika bencin ofishin. Mai kitso ta zo da kan da take yi, mai wanki ta shanya zannuwa a kan kantar 'yan sanda. Ba zagi, ba ihu, hira kawai suke, amma da ƙarfi. Sun fara da kofur da ke rina gemu. Suka gangara kan mai tsaron ƙofa da surukarsa ta kora da muciya.

"Yaya," mai kitso ta ce wa mai ɗinki, "kin san gidan da babur ɗin Saje yake yini kuwa?"

Tsinken sakace ya faɗi. Lauya ta tura masa kundin a buɗe, ya dube shi kamar yau ya fara ganin boko.

"Ashe ma doka ba ta hana ba," ya ce. "A fito da shi."

Mai faci ya fito yana riƙe da wando, don an karɓe masa bel. Ya haɗiye magani, ya dubi matan, ya dubi keken, sannan ya dubi matarsa.

"Ke, da izinin wa kika fito?"

Ta tsayar da keken, ta cije zaren a hankali.

"Saje," ta ce, tana nuna mijin, "wanda ya yi beli, doka ta yarda ya dawo da kayan?"